Littafin gyaran ampilin jita, daga Zango, Damagaram

Litinin, 3 ga Fabrairu 2025

Ɗan yayata mai kiɗan jita a wuraren biki ya kawo mini ampilinsa, wato akwatin ƙara sautin jitar, da la'asar, a ɗaure bayan kabu-kabu. Ƙarami ne, mai lasifika ɗaya. Ya ce tun damina yake kai shi gyara, kuma kowane mai gyara abu ɗaya yake yi: a cire IC, wato ƙwayar da ke ƙara ƙarfin sauti, a sa sabo, ya yi biki ɗaya ko biyu, ya sake mutuwa. "Kawu, in ba zai gyaru ba ka faɗa mini gaskiya, in nemi bashi in sayi wani." Na ce masa ya bar shi, amma kada ya matsa mini. Abin da yake so shi ne ya samu kafin bukukuwan bayan Sallah, don na Sha'aban sun riga sun wuce shi.

Na kwance bayan. Ƙurar hunturu ta yi kauri a kan allon har ba a ganin lambobin rezistans. Wajen fiyus an naɗe waya tsirara. IC ɗin TDA2030A ne, mai ƙafa biyar, kuma hanyoyin jan ƙarfe da ke ƙarƙashinsa sun ɓanɓare saboda yawan ɗora musu ƙarfen dalma, an yi ta gada da guntayen waya. Ban taɓa komai ba yau, sai gogewa da buroshi.

Talata, 4 ga Fabrairu

Awo kawai. Lasifikar an rubuta mata om 8, mita ta ba ni 6.4, wanda daidai ne, don kullum awon mita yana ɗan gaza abin da aka rubuta. Na taɓa ta da batir ɗin tocila, takardar ta motsa ba tare da gogar komai ba. Ta tsira. IC ɗin kuwa tsakanin ƙafa ta 4 da ta 5 a haɗe yake ƙwarai, wato ya ƙone. Diyod ɗaya cikin huɗun da ke sa wuta ta bi hanya ɗaya ma ta tafi.

Taransfo ɗin ba na asali ba ne. Ramukan kusoshinsa ba su dace da na akwatin ba, an huda sababbi. A jikinsa an rubuta 15-0-15, wato wuta gefe biyu, kowane gefe volt 15.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Ranar kasuwar Dole. Na sayi dalma sefa 1,500, IC biyu 1,000, manyan kwandansa biyu masu tara wuta su tace ta 1,500, fiyus da gidansa 300. Abin da ya ba ni wuya shi ne ƙwan fitila mai zare, na da. Duk shagunan yanzu sai LED. Wani dattijo mai gyaran rediyo da na sani tun ina yaro ya tono mini ɗaya mai wat 60 daga ƙasan akwatinsa, na ba shi 200. Da na gaya masa abin da zan yi da shi sai ya ce, "Yaro, ashe akwai sauran masu yin haka." Na ce, "Baba, ai a wurinka na gani."

Ga wanda bai san amfaninsa ba: ana haɗa ƙwan a jere da wayar da ke kai kuran, wato wutar lantarki, cikin ampili. In akwai inda wuta ta haɗu a ciki, ƙwan zai haska sosai ya shanye ƙarfin, babu abin da zai ƙone. In lafiya lau ne, zai yi walƙiya sau ɗaya lokacin da kwandansa ke cika, sannan ya dushe. LED ba ya wannan aikin.

Jimillar yau: 4,500.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na canza diyod, na sa sabon IC, na kunna ta cikin ƙwan. Ya yi walƙiya ya dushe. Sauti ya fito, amma da ƙugi mai kauri ko an rage volim gaba ɗaya.

Yaron yana nan, sai ya ɗauki jitar ya bi ƙugin da kunne har ya same shi a babbar tsirkiya, gurbi na uku. Wannan ya taimaka mini fiye da yadda ya zata. Sautin wannan gurbin yana kaɗawa wajen sau 98 a daƙiƙa, kuran ɗinmu kuma sau 50 ne, in ya bi ta diyod huɗu sai ya zama 100. Ke nan ƙugin daga ɓangaren wuta yake, kwandansan tacewa sun bushe. Da na waya ne ko na kusancin taransfo, da ya fi haka zurfi. Na cire su: ɗaya kansa ya kumbura, kuma duka biyun masu jure digiri 85 ne. Na sa sababbin, 4700µF volt 35, masu jure digiri 105. Ƙugi ya ɗauke.

A garin nan ba na ƙara sa na 85 a cikin kowane akwati mai zafi. Ƙa'idar da masu ƙera su suka bayar ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanan kwandansa biyu, mu kuwa a watan Afrilu inuwa ma tana wuce 40, balle cikin rufaffen akwati kusa da taransfo.

Ya so ya tafi da shi yau. Na hana.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Ya sake mutuwa, a gabana, kuma gara da aka yi haka a nan.

Na cire ƙwan na ba shi kuran kai tsaye, na bar shi yana kiɗa daga waya da matsakaicin ƙarfi. Bayan isha, lokacin da shaguna suka rufe kaya suka ragu a layi, sai na ji "fat" a lasifika, sannan shiru da ƙauri. Na zare da sauri. Mita ta nuna wutar DC sama da volt 20 a bakin lasifika. Da ya ƙara minti ɗaya da zaren lasifikar ya toye. Fiyus ya katse, ya yi aikinsa.

Abu biyu na gano. Na farko, na sa IC ɗin a filaya na fasa baƙar robar. Ƙwayar da ke ciki ƙanƙanuwa ce, ba ta kai rabin ta wani tsohon da na fasa don kwatanci ba. Jabu ne, an buga masa lamba kawai. Rubutun ma in ka goga da ɗan yatsa mai miyau yana dushewa. Mai shagon da ya sayar mini ban ce ya sani ba, shi ma a leda aka kawo masa.

Na biyu shi ne ainihin ciwon, kuma ko IC na gaske aka sa ba zai daɗe ba. Na auna soket: volt 244 a wannan lokacin. Da rana tsaka na sha ganin 190 da wani abu a soket ɗin nan. Taransfo mai 15-0-15, in an tace wutarsa, ana ninka ta da 1.41 a cire abin da diyod ke ci, kuma in ba kaya a kansa yana ba da fiye da abin da aka rubuta. Ranar Lahadi na auna 21.5 a kowane gefe lokacin da soket ke 220. Iyakar TDA2030A a takardar bayaninsa 22 ce a kowane gefe. Da kuran ya hau 244, gefen ya kai kusan 24. Wani ne can baya ya sa babban taransfo don a ƙara ƙara, tun daga ranar ampilin yake zaune a bakin rami. A wurin biki kuma da janareta ake, wanda in an kashe fitilu ko firji ya tsaya yakan yi tsalle fiye da haka.

Na yanke shawara: taransfo 12-0-12, da sabon allo gaba ɗaya, don tsohon ba shi da sauran inda dalma za ta kama.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Mun yi gardama da yaron. Yana ganin rage wuta rage ƙara ne, shi kuwa a fili yake kiɗa, ga ganguna ga guɗa. Na nuna masa lissafi. Da volt 16 a kowane gefe, wato abin da sabon taransfo zai bayar, IC ɗin yana ba da wat 12 a lasifika mai om 8, da volt 19 yana ba da 16. Kunnen mutum sai an ninka wat biyu yake jin ƙari sosai, wannan bambancin kuwa da ƙyar zai lura da shi. Ya ce, "Kawu, kai a ɗaki kake ji, ni a tsakar gida nake." Gaskiyarsa ce, amma maganin tsakar gida lasifika ce mai kyau da ɗora akwatin a kan kujera, ba matsa wa IC ba. Bai gamsu ba, ya dai yarda.

Na sayi taransfo mai amfiya 2, sefa 6,500. Na kuma sayi mataccen wufa na ɗaki, wato akwatin kiɗa mai ampili a ciki, a wurin masu kayan bola, 2,000, don irinsu da yawa TDA2030A ne a ciki. Na samu uku, tsofaffi, rubutunsu a sassaƙe. Biyu sun auna lafiya. Ƙarfen sanyayawar wufan ma ya fi na ampilin girma sau biyu, shi zan sa.

Talata, 18 ga Fabrairu

Na ba wani direba saƙo zuwa Kano: allon jan ƙarfe, garin perkulorir mai cin jan ƙarfe, da ƙananan bakin huda na milimita 0.8 da 1. Dare biyu ina zana hanyoyi a kwamfuta. Na yi hanyoyin wuta da na lasifika da faɗi, na kuma tara duk layukan mas, wato layin sifili da wuta ke komawa ta cikinsa, su haɗu wuri ɗaya tsakanin manyan kwandansan biyu, kada wutar lasifika ta bi hanya ɗaya da siginar jita.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Saƙo ya iso, 5,000 da kuɗin mota 1,000.

Hanyar ita ce a buga zanen da firinta ta leza a takarda mai santsi, a kifa a kan jan ƙarfen, a bi da dutsen guga mai zafi har baƙin ya narke ya manne, a jiƙa a ruwa a murje takardar. Inda baƙin ya zauna sinadari ba ya ci. Bugun farko a wani shagon fotokofi na yi, sai ya fito fari-fari saboda garin injinsu ya kusa ƙarewa. Na gwada duk da haka. Da na murje, hanyoyin sun fito da ƙananan ramuka, wasu wuraren sun bi takardar sun tafi. Na wanke da tina. Na koma wani shago kusa da jami'a inda ɗalibai ke buga takardunsu, na roƙi yaron shagon ya ƙure baƙin, na kuma ba shi shafin tsohuwar kalanda mai ƙyalli ya buga a kai. Da farko ya ƙi, yana tsoron kada ta maƙale masa a inji. Wannan ya kama sosai. Wurare uku da suka yi siriri na bi su da maka mai ƙin ruwa. Kuɗin bugu duka 300.

Kafin guga sai an goge jan ƙarfen da soson ƙarfe har ya yi ƙyalli, kuma kada yatsa ya sake taɓa shi. Maiƙon hannu kaɗai ya isa ya hana baƙin kamawa.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Na jiƙa perkulorir a robar da ba za a sake cin abinci a ciki ba, da ruwan ɗumi, a waje inda iska take. Ba a zuba shi a kwanon ƙarfe ko na alminiyam, cinye shi zai yi. Na yi ta jijjiga robar a hankali. Daga gefe jan ƙarfen ya fara ɓacewa, ruwan ya tashi daga ruwan ɗorawa ya koma baƙi-baƙi, kafin minti 20 allon ya fito. Ragowar ruwan na zuba a jarka na rufe na rubuta a jiki, na ɗora can sama. Gidan nan akwai yara da awaki, kuma ba abin zubarwa a kwata ba ne.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Huda da jera kaya. Bakin 0.8 ɗaya ya karye. Na sayi masu daidaita wuta zuwa volt 9, wato 7809 da 7909, da ƙananan kaya, 1,700.

Dalilin zaɓen 9 maimakon 12 ko 15 don TL072, ƙaramin IC na gaba da ke fara karɓar siginar jita: waɗannan masu daidaita wutar suna bukatar abin da ke shiga ya fi abin da ke fita da volt biyu zuwa uku. In kuran ya faɗi 190, gefena zai sauka ƙasa da 14, 7812 ya daina riƙewa, ƙugi ya shigo. Tara ta ishi siginar jita. Mai haɗa irin wannan ya kula, ƙafafun 7909 ba jerinsu ɗaya da na 7809 ba, kuma bayansa ba mas ba ne. Haka bayan TDA2030A a haɗe yake da ƙafa ta 3, wutar gefen da ke ƙasa da sifili, don haka sai da na sa masa takardar mika da farin man zafi da robar kusa kafin in ɗaure shi a ƙarfen sanyaya.

Laraba, 5 ga Maris

Azumi ya kama, aiki ya koma bayan tarawi. Na kunna sabon allon ta cikin ƙwan. Gefe biyu 16.4 da 16.3, bakin lasifika kusan sifili. Sauti ya fito tas. Amma ƙwan bai dushe gaba ɗaya ba, ya tsaya ja-ja, kuma ƙarfen sanyaya yana ɗaukar zafi alhali ba a kiɗa komai. Na kashe.

Asabar, 8 ga Maris

Wannan ya cinye mini darare. Zafi ba tare da sauti ba yana nufin IC ɗin yana kaɗawa shi kaɗai a can sama inda kunne ba ya ji. Ba ni da osiloskop, na'urar da ke nuna kaɗawar wuta a allo, sai na kawo ƙaramar rediyo kusa da allon a kan matsakaicin zango, ta cika da shuuu, in na kashe ampilin ta yi shiru. Tabbas kenan.

Na fara zargin IC ɗin bola, na canza da ɗayan, babu bambanci. Na duba ƙananan kwandansa 100nF na ƙafa ta 3 da ta 5, suna nan kusa yadda ya kamata. Na duba rezistans na ƙarfin ƙarawa, 22k da 680, wato ninki 33, wanda ya wuce mafi ƙarancin da IC ɗin ke bukata kafin ya zauna lafiya. Saura rezistans om 1 da kwandansa 220nF da ke jere daga bakin lasifika zuwa mas, waɗanda aikinsu ke nan, hana wannan kaɗawar. Kowannensu ya auna daidai. Da na sa mita tsakanin ƙafar rezistans ɗin da ƙafa ta 4 ta IC, sai shiru, babu haɗi. Da ido hanyar lafiya take. Sai da na ɗaga allon na haska tocilar waya ta bayansa na ga wani siririn layin haske ya ratsa jan ƙarfen, bai kai kaurin gashi ba. Zaren takarda ne ko tsagar baƙi, sinadari ya bi ta nan ya yanke.

Na kankare na bi da dalma da silin waya. Ƙwan ya dushe, rediyo ta yi shiru, ƙarfen ya zauna da sanyinsa. Daga nan na bi duk hanyoyin allon ɗaya bayan ɗaya da mita, na kuma shafe manyan da dalma.

Laraba, 12 ga Maris

Na mayar da komai cikin akwati. Volim yana ƙas-ƙas, na wanke shi. Jak ɗin shiga ya saki, na matse.

Lahadi, 16 ga Maris

Yaron ya zo gwaji bayan shan ruwa. Yana cikin kiɗa sai ya ce, "Kawu, yanzu tsirkiya ba ta cizo." Na tambaye shi me yake nufi. Ashe tun da daɗewa in yana tsaye ba takalmi a ƙasa mai danshi, ko leɓensa ya taɓa makirfo hannunsa na kan tsirkiya, yakan ji wuta tana tsikararsa, ya ɗauka haka kowace jita take. Hankalina ya tashi. Tsirkiyun jita a haɗe suke da mas ɗin ampili ta cikin kebul, duk abin da ya zubo a jikin akwatin a hannun makaɗi yake ƙarewa. Na ɗauko tsohon taransfo na auna tsakanin naɗin kuran da jikin ƙarfensa, mita ta motsa, abin da bai kamata ta yi ba ko kaɗan. Zafi ya cinye rufin wayar. Sabon bai nuna komai ba.

Na cire wayar wuta mai biyu na sa mai uku, ta ukun na ɗaure ta da kusa a jikin ƙarfen akwatin. Waya da filogi 2,000. Amma yawancin gidajen da yake kiɗa ba su da layin ƙasa a soket, janareta kuma a kan yashi ake ajiye shi haka nan. Na sa ya yi mini alkawari biyu: takalmin roba ko da yaushe, kuma in ya sake jin tsikara ko kaɗan ya zare ya kawo mini, ko ana tsakiyar biki ne. Tsohon taransfon na fasa shi don kada wani ya tsince shi a bola ya sa a wani abin.

Asabar, 22 ga Maris

Gwajin zafi da rana tsaka, ɗaki a rufe, sauti da ƙarfi na tsawon awa biyu. Ƙarfen sanyaya ya yi zafi amma hannu na iya zama a kai. Na huda ramuka a saman murfin baya da ƙasansa don iska ta ratsa, na manna ragar sauro ta ciki saboda kyankyasai da ƙura. Soket ya sauka 196 a lokacin, ƙugi bai shigo ba. Da dare ya hau 241, gefen ya tsaya 18 da ɗan kai.

Kuɗin da ya tafi gaba ɗaya: 23,000.

Litinin, 7 ga Afrilu

Ya yi biki biyu a ƙarshen mako, ɗaya a Birni ɗaya a Garin Malam, duka da janareta. Ampili lafiya. Ƙorafinsa shi ne a na biyun ganguna sun danne shi, kuma in ya ƙure volim sautin yana fashewa ba irin fashewar da yake so ba, yana son irin ta 'yan Agadas mai kauri. Wannan a ɓangaren gaba za a gyara shi: diyod biyu kishiyar juna bayan TL072 za su yanke siginar a hankali tun kafin ta kai IC, da makunni don ya zaɓa. Akwai wuri a gefen allon.

Maganar ƙara kuwa, lasifikar ce ƙarama. Zan nemi mai inci 10 ko 12 ta tsohon bafal, wato babban akwatin lasifika, in kai wa kafinta ya yi mata akwati daban. Ya kuma tambaya ko zai yiwu ya yi kiɗa da batir ɗin sola a ƙauyukan wajen Mirriya inda babu kuran. Wannan allon ba zai yi ba tunda wuta biyu yake ci, sai dai wani daban, da ƙaramin allon TPA3118 da ke aiki da volt 12 kai tsaye. Na ba direban nan saƙon allon TPA3118 ɗin, zai shiga Kano ranar Laraba. Kafin ya dawo zan zana allon gaba mai cin wuta ɗaya, da diyod a bakin shiga don ranar da wani zai juya kan batir.